Tabon da Ba a Gani: Yadda Garkuwar Jiki Ke Daskarar da Fata, Huhu da Zuciya

Da wuya ka samu baligin da babu tabo a jikinsa. Wani na ƙunar wuta ne tun yana rarrafe, wani na kaifin lauje, wani na askar wanzami. Tabo wata rahama ce, domin shi ne ɗinkin da jiki ke yi wa kansa idan ya yage. Ba don shi ba, da ɗan yanka kaɗan ya isa ya kai mutum kushewa. Sai dai duk wanda ya shafa tabonsa ya san naman wurin daban yake da na asali: ba ya tsirar da gashi, ba ya gumi, ba ya miƙewa yadda fatar da ke kewaye da shi take yi. A ƙwauri ko a bayan hannu wannan ba abin damuwa ba ne. Amma idan irin wannan nama mai tauri ya shiga tsirowa a cikin huhu, ko a ƙoda, ko a ƙofofin zuciya, alhali babu wanda ya yanki mutum, kuma ya ƙi tsayawa, to magana ta zama ta rai da ajali.

Wannan shi ne abin da likitoci ke kira faibirosis, tabon ciki da ke cin lafiyayyen nama a hankali har sashen jikin ya kasa aikinsa. Masanin garkuwar jiki ɗan Amurka, Thomas Wynn, ya yi wani ƙiyasi da masu bincike ke yawan kafa hujja da shi, cewa kusan kashi 45 cikin 100 na mace-mace a ƙasashe masu arziki suna da nasaba da irin wannan tabo. Hanyoyin da ke kaiwa gare shi suna da yawa. Barasa da ƙwayar cutar hanta kan daskarar da hanta, hawan jini da ciwon suga kan daskarar da ƙoda. Akwai kuma wata hanya da ta fi sauran ɓuya a ƙasashenmu, wato idan garkuwar jiki, wadda aka halitta don ta tsare mutum, ta juyo ta far wa mai ita.

Yadda gyara ke zama ɓarna

Idan mutum ya ji rauni, abubuwa uku ne ke biyo juna. Jini ya daskare ya toshe wurin. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, su taru su share datti da ƙwayoyin cuta, kuma taruwarsu ce ke kawo zafi da kumburi. Daga nan sai masu gyara su karɓi aiki. Waɗannan wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zaune shiru cikin nama, sana'arsu saƙa wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin, wanda shi ke riƙe da fata da jijiya da ƙashi. A 1971 Giulio Gabbiani da abokan aikinsa a birnin Geneva suka nuna cewa a bakin rauni waɗannan ƙwayoyi suna rikiɗewa su samu ƙarfin tsukewa irin na tsoka, su ja raunin har ya haɗe. Idan aiki ya kammala yawancinsu sai su mutu, jiki ya kwashe su, a bar ɗan tabo.

A cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita, sallamar ce ba ta zuwa. Kamar magini ne da aka kira ya yaɓe tsagar bango, ya gama ya ci gaba da yaɓe, har ya toshe taga ya toshe ƙofa, masu gida suna ciki. Tun da harin bai tsaya ba, kumburi ba ya lafawa, umarnin a yi gyara kuma ba ya yankewa. Babban ɗan aiken da ke kai wannan umarni wani sinadari ne da masana ke kira TGF-beta, tare da wasu irin su IL-6. Abin da ya ƙara dagula lamarin, an gano cewa taurin naman shi kansa yana zuga masu gyaran: gwargwadon taurin wuri, gwargwadon zaren da suke ƙara zubawa. Saboda haka ciwon kan kai matakin da ko an kwantar da kumburin, saƙar za ta ci gaba da kanta.

A nan ne dukkan maganar ta ta'allaƙa. Kumburi yana da magani. Tabon da ya riga ya kafu a huhu ko ƙoda ko zuciya kuwa, magungunan da ke hannun likitoci a yau ba sa narkar da shi. Iyakar ƙoƙarinsu su hana shi ƙaruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sikilerodama

Babu cutar da ta fito da wannan al'amari fili kamar sikilerodama. Ba ta da yawa, kuma ba a ɗaukarta daga jikin wani. Ta fi kama mata, kimanin mata 4 ga namiji 1, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50, lokacin da mace ke tsakiyar haihuwa da reno da ɗawainiyar gida.

Da ƙananan hanyoyin jini take farawa. Fiye da 9 cikin 10 na masu ita suna fama da wani yanayi da Maurice Raynaud, wani ɗalibin likita a Faransa, ya bayyana a 1862: da sanyi ya taɓa yatsu sai jini ya janye, su yi fari, su mutu, daga baya jinin ya dawo da raɗaɗi kamar ana soka allura. A baƙar fata canjin launin ba ya fitowa sosai, sai an duba tafin hannu da ƙarƙashin farce. Mace kan fara lura da shi da hunturu, wajen alwalar asuba ko wanke-wanke. Mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya suna da wannan yanayi tun ƙuruciya, ba ya kuma jawo musu komai. Wanda ke buƙatar bincike shi ne wanda ya fara bayan mutum ya girma, musamman idan yatsu suka kumbura sumul har zobe ya ƙi fita.

Bayan kumburin sai fata ta ɗame, ta yi ƙyalli, ta manne da naman da ke ƙasa har ba a iya mintsininta. Yatsu su lanƙwashe su ƙi miƙewa, gyambo mai azabar zafi ya fito a kansu. Baki ya tsuke, leɓe ya sirance, loma ta yi wuyar shiga. A masu baƙar fata akan ga dabbare-dabbaren fari da baƙi a goshi, wuya, ƙirji da bayan hannu.

An daɗe ana ɗaukarta ciwon fata kawai. A nahiyarmu aka gyara wannan fahimta: a 1945 Robert Goetz, likita a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, ya nuna daga binciken gawarwaki cewa taurin yana ratsa kayan ciki. Kusan 9 cikin 10 na majinyata suna samun matsala a hanyar abinci. Maƙoshi ya daina tura abinci yadda ya kamata, ƙwannafi ya zama na kullum, mutum ya yi ta rama. Huhu kan yi tauri. Kusan 1 cikin 10 kan samu hawan jini a hanyoyin jinin huhu, wanda ke gajiyar da zuciya. Ƙoda ma kan tsaya farat ɗaya.

Cutar iri biyu ce. A ɗaya, taurin yana tsayawa a hannu, ƙafa da fuska, yana tafiya a hankali cikin shekaru. A ɗayar, yana haurawa damtse, cinya, ƙirji da ciki, kuma yawancin ɓarnar kayan ciki tana aukuwa ne a shekaru 3 zuwa 5 na farko. Gwajin jini na taimaka wa likita ya hango inda ciwon ya dosa, domin akwai alamar da ke tafiya da tabon huhu, akwai mai tafiya da haɗarin ƙoda. Bincike a Amurka ya sha nuna cewa baƙaƙen fata sun fi kamuwa da ita da ƙarancin shekaru, sun fi samun nau'in mai yaɗuwa, kuma huhunsu ya fi taɓuwa.

Shahararren wanda ta kashe shi ne mai zane Paul Klee, haifaffen ƙasar Suwizalan. Ciwon ya kama shi a 1935, bayan 'yan Nazi sun kore shi daga aikin koyarwa a Jamus. A 1936 zane 25 kacal ya iya yi. Da ya ɗan samu sauƙi sai ya duƙufa, har a 1939 ya yi fiye da 1,200, yana fama da haɗiyar abinci. Ya rasu ranar 29 ga Yuni, 1940, shi ya sa ake tunawa da masu wannan cuta a duniya a wannan rana kowace shekara.

Ƙurar dutse

Gado yana da ɗan hannu a cutar, amma shi kaɗai ba ya kawo ta. A cikin abubuwan da aka tabbatar suna tayar da ita, ƙurar dutse ce a kan gaba. Tun a 1914 Byrom Bramwell ya lura da ita a tsakanin masu sassaƙa dutse a Sikotilan. A 1957 wani likita mai suna Erasmus ya ba da rahoton maza 17 masu haƙar zinariya a ma'adinan Witwatersrand na Afirka ta Kudu da suka kamu da ita, alhali an san ta da kama mata. Ƙananan ɓarɓashin dutse da ido ba ya gani suna shiga can ƙuryar huhu, dakarun jiki su haɗiye su amma su kasa narkar da su, sai faɗan ya ƙi ƙarewa. Wannan ƙura tana daskarar da huhu kai tsaye, tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, tana kuma ƙara haɗarin sikilerodama da danginta, wato amosanin gaɓɓai da lufus.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A 2010 duniya ta ji yadda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a busasshe da injin niƙan hatsi, har a cikin gidaje. Dalmar ce ta ja hankali domin tana kisa nan da nan. Amma ƙurar da ta ɗauko dalmar ƙurar dutse ce, ita kuwa sai bayan shekaru take nuna aikinta. Haka matasan da suka kwarara Jado a arewacin Nijar tun da aka gano zinariya a 2014, da masu fasa dutse a kwari, da masu haƙar rijiya, duk ita suke shaƙa. An gwada yayyafa ruwa a wurin niƙa da fasa dutse a arewacin Nijeriya, ƙurar kuma ta ragu ƙwarai. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ɓarɓashi.

Daga ƙoda zuwa huhu

Kafin shekarun 1980, abin da likitoci suka fi tsoro a sikilerodama shi ne rikicin ƙoda: jini ya hau kwatsam, kai ya yi ciwo, gani ya dushe, fitsari ya ragu, cikin makonni ƙoda ta tsaya. Wanda abin ya samu da wuya ya kai shekara. Sai aka samu kaptofiril, maganin hawan jini da aka ƙirƙiro daga nazarin dafin wani maciji na Barazil, aka amince da shi a Amurka a 1981. Virginia Steen da Thomas Medsger na Jami'ar Pittsburgh sun nuna cewa masu kai shekara da rai bayan rikicin sun tashi daga kimanin 15 cikin 100 zuwa 76. Da suka waiwayi tarihin majinyatansu na shekara 30, sai suka ga mace-macen da ƙoda ke jawowa sun sauka daga kashi 42 zuwa 6 cikin 100, na tabon huhu kuma sun tashi daga kashi 6 zuwa 33.

Waɗannan likitoci biyu sun gano wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Shan maganin kumburin nan firedinisolon da yawa, daga miligiram 15 a rana zuwa sama, yana ƙara haɗarin rikicin ƙodar. A garuruwanmu wannan magani da ɗan'uwansa dezametason suna cikin abin da ake miƙo wa duk wanda ya je kemis ya ce gaɓɓansa na ciwo, sau da yawa a cikin haɗin ƙwayoyi marasa suna a ƙullin leda. Wasu matan kuma suna shan irinsu don su yi ƙiba. Mai sikilerodama da ba ta san tana da ita ba za ta ji sauƙi na 'yan kwanaki, alhali ƙodarta ce ke cikin haɗari.

Yanzu fagen daga ya koma huhu. Tabon yana farawa daga gindin huhu, ba zafi, ba zazzaɓi. Sai busasshen tari, sai haki idan an hau tudu ko an ɗauko ruwa, daga baya har wanka ya zama aiki. Likita mai kunne zai ji wata ƙara ƙaras-ƙaras a bayan majinyaci. Na'urar busawa tana auna yawan iskar da huhu ke ɗauka, hoton siti sikan kuma yana nuna tabon tun kafin hoton ƙirji na yau da kullum ya gan shi.

Magani ya samu ci gaba a shekaru 20 da suka wuce. Wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 2006 cewa saikulofosfamaid yana rage saurin lalacewar huhu, na biyunsa a 2016 ya nuna maikofenolet yana yin kusan haka da ƙarancin illa. Dukansu garkuwar jiki suke kwantarwa. A 2019 aka zo da nintedanib, wanda ke taka wa masu saƙar kolajin birki kai tsaye. A gwajin da aka yi da majinyata 576, waɗanda suka sha shi sun yi asarar kimanin mililita 52 na iskar huhu a shekara, waɗanda ba su sha ba suka yi asarar 93. A 2021 Amurka ta amince da tosilizumab, mai toshe IL-6. Ga waɗanda ciwonsu ke gudu da sauri, gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2014 da 2018 sun nuna amfanin rushe garkuwar jiki a sake gina ta daga ƙwayoyin ɓargon majinyacin, kodayake aikin kansa yana da haɗari. A Erlangen ta Jamus kuma, Georg Schett da tawagarsa sun ba da rahoto a 2024 kan majinyata 15, 4 daga cikinsu masu sikilerodama, da aka sarrafa fararen ƙwayoyin jininsu don su share ɓangaren garkuwar da ya kangare, kuma suka samu sauƙi sosai.

Duk wannan abin farin ciki ne, amma a dubi alƙaluman da kyau. Ko wanda ya sha nintedanib asara ya ci gaba da yi, saurinta ne ya ragu. Wanda aka gano da huhunsa kusan cikakke yana da abin da za a tsare masa. Wanda ya iso asibiti rabin huhun ya tafi, da rabin zai ƙarasa rayuwa.

Sauran dangin cutar

Amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki, wanda ke kumbura ƙananan gaɓɓan hannu biyu tare da sandarewar safiya, ya fi sikilerodama yawa nesa ba kusa ba. Kimanin 1 cikin 10 na masu shi suna samun tabon huhu mai damuwa, kuma haɗarin ya fi yawa ga maza, tsofaffi da masu shan taba.

Lufus ya fi kama 'yan mata da mata masu haihuwa, ya kuma fi tsanani a baƙar fata. Yana kumbura matatun ƙoda, kuma duk tashin da ya yi ba a kwantar da shi da wuri ba sai ya bar tabo. Matatar da ta mutu ba ta dawowa, ƙarshen hanyar kuwa wankin ƙoda ne, wanda ya talauta gidaje da dama. Alamar farko ba ta da tsadar ganowa: fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa ko fuska, da ɗan tsinken gwajin fitsari da ake samu ko a ƙaramin asibiti.

Amma wanda ya fi kowanne kisa a Afirka shi ne wanda ke farawa da ciwon maƙogwaro. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya kamu da wata ƙwayar cuta a maƙogwaro, garkuwar jikinsa ta tashi yaƙarta. Da yake wasu sassan ƙwayar sun yi kama da naman zuciya, bayan mako 2 ko 3 sai harin ya faɗa kan gaɓɓai da zuciyar yaron. Ciwon gaɓɓan yana wucewa. Ƙofofin zuciya kuwa, waɗanda ya kamata su kasance sirara masu laushi, sai su yi kauri su tsuke, ko su kasa rufuwa. Kowane sabon ciwon maƙogwaro yana ƙara tabo a kan tabo. Fiye da mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwon zuciya a duniya, yana kashe sama da 300,000 kowace shekara. Wani nazari da aka buga a 2015 kan majinyata 3,343 daga ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da Indiya da Yaman, ya samu cewa rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma kashi biyu cikin uku mata ne. Da yawa sai sun ɗauki ciki ake ganewa, lokacin da zuciya ta kasa ɗaukar nauyin rai biyu.

Abin baƙin ciki, rigakafinsa yana cikin magunguna mafi araha a duniya, wato fenisilin. A Gulu ta arewacin Yuganda an duba zukatan 'yan makaranta da na'ura, aka ware masu alamar farko ta ciwon. A cikin waɗanda aka riƙa yi wa allurar fenisilin duk mako 4 har shekara 2, ƙasa da 1 cikin 100 ne ciwonsu ya ƙaru. A cikin waɗanda ba a yi wa ba, kimanin 8 cikin 100. An buga sakamakon a 2022, shekara 4 bayan Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri kan yaƙi da cutar. Yaron da maƙogwaronsa ke ciwo da zazzaɓi, asibiti ya kamata a kai shi. Cire belu a wurin wanzami ba ya kashe ƙwayar cutar.

Ciwon da ke yawo da sunan wani

A 1968 Brian Greenwood, likita ɗan Ingila da ke aiki a Ibadan, wanda daga baya ya yi shekaru a Zariya, ya rubuta cewa cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita ba su da yawa a tsakanin 'yan Nijeriya. Wannan ra'ayi ya daɗe a azuzuwan koyar da likitoci, kuma abin da ba a sa ran gani ba a nemansa. Da aka fara samun ƙwararru a fannin, irin su Farfesa Femi Adelowo a Legas, sai majinyata suka fara bayyana. A 2009 shi da abokin aikinsa Oguntona suka buga bayanin 'yan Nijeriya 14 masu sikilerodama. Har yau ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa idan aka kwatanta da al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan asibitocin koyarwa.

Kafin majinyaciya ta isa gare su, ciwonta ya sha sunaye. Da yatsu suka fara ciwo, an ce sanyi ne ya shige ta. Da fata ta yi dabbare-dabbare, yatsu suka lanƙwashe da gyambo, an fara raɗe-raɗin kuturta, aka ware mata kwano da tabarma, wata ma aurenta ya mutu a kan haka. Alhali bambancin a bayyane yake: tabon kuturta ba ya jin taɓi, gyambonta ba ya zafi, na sikilerodama kuwa yana hana barci. Da fuska ta canja kama, sai a ce jifa ne ko sammu, a shiga zargin kishiya ko maƙwabciya, a ƙarar da abin hannu wajen karya abin da ba a ƙulla ba. Da tari da rama suka zo, sai a ce tarin fuka ne. Zargin yana da hujja, tun da Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da shi. Amma idan gwajin majina bai nuna ƙwayar ba, an sha magani wata 6 haki yana ƙaruwa, sake maimaita maganin ɓata lokaci ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana cin watanni, a cikin shekarun nan na farko da magani ya fi tasiri.

Abin da ke hannunmu

Yawancin abin da ke ceton rai a nan ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Ma'aikacin lafiya ya kama hannun majinyaci ya duba, ya gwada mintsinin fatar bayan yatsa. Ya ɗiga mai a gindin farce ya leƙa da madubin duba ido ko fata, domin hanyoyin jinin wurin suna nuna cutar tun da wuri. Ya saurari gindin huhu, ya auna jini, ya gwada fitsari. Alamomi uku idan suka haɗu, wato yatsu masu mutuwa da sanyi, kumburinsu, da gwajin jini mai nuna garkuwa ta juya, sun isa a tura mutum ga ƙwararre ko fatarsa ba ta fara tauri ba.

Wanda aka tabbatar yana da sikilerodama ya mallaki na'urar auna hawan jini, ya riƙa aunawa a gida, ya garzaya asibiti ranar da ya ga ya hau. Ya riƙa ɗumama jiki da hannu, ya yi alwala da ruwan ɗumi, ya rabu da taba da shisha, ya rage zama cikin hayaƙin murhu. Ya ɗaga kan gadonsa, ya bar cin abinci dab da kwanciya, ya riƙa motsa yatsu da baki kullum don kada su sandare. A auna huhunsa, a duba zuciyarsa aƙalla sau ɗaya a shekara ko yana jin lafiya. Kafin a fara maganin da ke kwantar da garkuwar jiki a gwada shi tarin fuka da ciwon hanta. Mace mai son haihuwa ta shaida wa likita tun da wuri, domin wasu magungunan, har da maikofenolet, suna lahanta ɗan tayi.

Sauran nauyin yana wuyan hukuma. A samar da na'urar busawa da ta duba zuciya a manyan asibitocin jihohi, a horar da ƙarin ƙwararru a Arewa da Nijar, a sa waɗannan magunguna cikin inshorar lafiya. A tabbatar allurar fenisilin mai inganci ba ta yankewa a ƙananan asibitoci. A hana sayar da firedinisolon da dezametason ba takardar likita, a kuma tilasta amfani da ruwa a wuraren fasa dutse da niƙa shi.

Mu kuma jama'a, mu daina guje wa mai wannan lalura. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko musabaha, ko zaman aure. Neman magani ba ya cin karo da tawakkali, addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti. Idan kana da 'yar'uwa da yatsunta ke mutuwa da sanyi suna kumbura, ko ɗan'uwa da ya sha maganin tarin fuka haki bai bar shi ba, ko yaro mai yawan ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓɓai, ka kai shi a duba shi cikin wannan watan, kada ka jira sai ya kwanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.